Wayar ƙarfe a aljihun Sha'aban

Idan ka baro Ɗambatta ka bi burjin da ya yi gabas, kafin ka hango rumfar Sha'aban bakanike za ka fara jin ta: injin ban ruwa yana tari, guduma a kan ƙarfe, da muryar Iliyasu mai faci yana tsokanar wani. Shekara talatin da ɗoriya Sha'aban yana gindin darbejiyar nan. Bai taɓa karanta littafin inji ba, kunne gare shi. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kafa ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, sannan ya faɗi inda ciwon yake. Masu noman rani suna cewa injin da ya fito daga hannun Sha'aban ba ya mutuwa a gona. Wannan maganar ce jarinsa, ba shi da wani.

Surukinsa Fatihu, mijin 'yarsa ta fari, yana sayar da kayan sola a birni. Wata Asabar ya zo da wata 'yar jar mota mai ƙofa biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa, da wani ƙarfen inji na hannu, wai shi turbo, a cikin buhu. Ya tsaya nesa, ya cire takalmi, ya tsuguna ya gaishe da Baba yana kallon ƙasa. Sha'aban ya amsa yana kallon reshen darbejiya. Haka suke tun ranar ɗaurin aure. Duk maganar da ta wuce gaisuwa sai ta bi ta bakin Iliyasu, wanda taubashin Sha'aban ne.

"Wai so yake ka sa mata wannan, ta riƙa gudu," in ji Iliyasu. "Na ce masa tsohon nan ko jaki bai iya sa wa gudu ba."

"Gudu zuwa ina? Hanyar nan ko amalanke lallaɓawa take."

Amma ba a ce wa suruki a'a. Sha'aban ya karɓa.

Sau uku ya hau motar haya zuwa Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota a birni. Turbo, kamar yadda ya bayyana wa Iliyasu, dura yake wa inji da iska, iskar kuma da zafi take fitowa, sai an bi da ita ta intakula, wani ɗan lagireto da ke huce ta. An nuna masa babba, na bas, wanda zai sauko ƙasa da bamba. Ya tuna kwazazzabon bakin gari, ya ajiye. Ya ɗauki matsakaici, ya ɗaga shi sama, ya sa masa raga saboda ƙaiƙayi. Sai bawul ɗin da ke buɗewa ya zubar da rarar hayaƙi kafin turbo ya yi wa inji yawa. Sifirin biyu na bawul ɗin aka miƙo masa, mai tauri da mai taushi. Ya matsa kowanne a tafin hannu, ya tuna zafin bazara da man da ake saya a galan a bakin hanya, ya zaɓi mai taushin.

Ranar da aka gama, Fatihu ya zo ɗaukar motar, Sha'aban ya ja Iliyasu gefe.

"Ka gaya masa da kyau. Bawul ɗin nan shi ne ran motar. Zai ji kamar tana riƙe ƙarfinta, ni na sa ta haka. Kada ya bari kowa ya ɗaure shi. In aka ɗaure, inji zai ci kansa."

Iliyasu ya taka taku goma zuwa inda Fatihu ya tsuguna.

"Ango, Babanku ya ce a riƙa lallaɓa ta. Ka san tsofaffi da tsoro."

Sha'aban ya ji. Kunnen da ke jin zoben fistin ya sassauta ba zai kasa jin wannan ba. Ya buɗe baki, sai ya ga ƙeyar yaron a sunkuye, ya rufe. Ya ce a ransa zai aika ta wajen matarsa Fanta. Fanta ta ce ita ma da wane baki, ta dai gaya wa 'yar, 'yar kuma ta ce ba ta gane wane ƙarfe ake nufi ba.

Sati uku bayan nan, da azahar, akori-kura ta jawo jar motar da igiya har gindin darbejiya. A ranar, manoma sun cika rumfar da injinansu. Sha'aban ya ɗaga bonet, warin ƙonannen mai ya buge shi. A hannun bawul ɗin ya ga wayar ƙarfe, an naɗe ta sau huɗu an murɗe da filaya, aikin wani a birni. Ya waiga. Fatihu na tsugune a rana, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya kasa ɗago kai. Sha'aban ya sunkuya kamar mai duba mai, ya datse wayar, ya jefa a aljihu.

"Me ya same ta, Malam Sha'aban?" in ji Alhaji Basiru, mai gonar tumatir a fadama.

"Fistin ya huje."

"Ba kai ka haɗa ta ba?"

"Ni ne."

"Ikon Allah. Ashe hannun ma yakan kuskure."

Kafin sati ya zagayo maganar ta kai har Minjibir. Da rumfar ta fara zama wayam, Iliyasu ya daina tsokana.

"Taubashi, na ga abin da ka sa a aljihu. Ka fito da ita ka nuna musu. Ko ni in faɗa, tunda ni na ɓata saƙon."

"Ka faɗa cewa me? Mijin 'yata ya raina aikina ya kai wa wani? Gobe da wane ido zai shigo gidana? Ita kuma a ɗakinsa take."

"To sunanka fa?"

Sha'aban ya ci gaba da goge sifanar da ba ta da datti.

Motar tana nan a bayan rumfa, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Fatihu yakan zo ran Juma'a, ya cire takalmi, ya gaishe da Baba, Baba ya amsa wa darbejiya. Manoma kuwa yanzu sukan ɗaure injinansu a bayan babur su wuce Ɗambatta, wasu su ɗaga hannu, wasu su kau da kai.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, iska ta kawo ƙarar injin Alhaji Basiru daga fadama, wanda aka gyaro a Ɗambatta. Sha'aban ya karkata kai, ya lumshe ido.

"An cika masa wuta. Ba zai kai Juma'a ba, kuma tumatirin nan yana fure."

"To tashi mu je ka gaya masa," in ji Iliyasu.

"Wa zai yarda?"

Ya sa hannu a aljihu, ya bar shi a can, yana sauraron injin.