Gawon da Malam Mijinyawa Ya Hana Ni Sarewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga Fabrairun 1985, ina ban ruwan albasa a fadama aka zo mini da labarin rasuwar Malam Mijinyawa Lambara, malamin gonar yankinmu. Na ajiye ƙwarya na zauna a bakin rijiya.

Malam, a duk ma'aikatan da na sani, kai kaɗai ne ofishinka kasuwa. Daga Bodinga har Shagari babu kasuwar da ba ka jingine kekenka ka tara jama'a ba. Sai ka ɗebo ƙasa a hannu biyu, baƙa da fara, ka tambaye mu wacce muke so ta ba mu tuwo. Muna yi maka dariya, muna kiranka Malam Ganye, kai kuwa ko a jikinka. Karatunka ɗaya ne kullum: abin da mutum ya yi wa ƙasa da rani, shi zai tarar a akushi da kaka.

Ni Husaini na Dingyadi na fi kowa taurin kai. Shekarar da takin zamani ya wadata, aka kawo mana tarakta, sai na ga gawo uku da na gada a gonar mahaifina sun tare mata hanya. Na kayar da biyu. Ina wasa gatari don na ukun ka iso, ka shimfiɗa buzunka a gindinsa ka zauna.

Ka ce, "Husaini, wanga icce da damana yaka zubda ganye shi ba hatsinka taki, da rani shanun Hilani su kwanta ƙarƙashinai. Ran da buhu ya ƙare, mi ɗiyanka za su ci?"

Na ce maka gonar ubana ce, ba ta gwamnati ba. Na faɗi abin da ya fi wannan muni. Ba ka tashi ba, har kunya ta sa na saɓa gatarina na tafi gida.

Bara kuwa buhu ya ƙare. Taki ya ɓace, ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Gonata ta ƙone ƙurmus, kewayen gawon nan kaɗai ya yi zangarniya. Da 'yan damman da na samu a wurin ne Ladi, mai ɗakina, take dama wa yara kunu har yau. Kullum ina cewa gobe zan je in nemi gafararka, girman kai yana ja mini goben.

Da na je gaisuwa, uwargidanka Inna Safinatu ta dube ni ta ce, "Kai na Husainin Dingyadi? Malam ba shi tashi kasuwa bai ambace ka ba. Cewa shikai, ku yi koyi da mai hankalin ga da yab bar gawo cikin gonatai." Biyun da na sare ba ka taɓa faɗa wa kowa ba, har ita.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya rufa maka asiri ranar tsayuwa yadda ka rufa mini a idon duniya. Allah ya ba Inna Safinatu da 'ya'yanka, Maniru da Atika, da jama'ar Lambara haƙurin wannan rashi. Ni kuwa na zo a makare, amma ga ni: ka yafe mini.