Luguden da Na Goge

Shekara huɗu na yi ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Filinge. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya riƙe rakoda. Nakan zaga ƙauyukan Kurfai in ɗauko gaisuwar mutane zuwa ga 'yan uwansu da suka tafi biɗar kuɗi Libiya da Aljeriya. In shirin ya fita, sai a riƙa tura shi ta waya har ya kai can.

Wata rana ƙanwar kakata ta aiko kirana. Ɗanta na fari, kawuna, ya daɗe a Libiya, lambarsa ta daina shiga. Na same ta tana sussukar gero.

"Angona marowaci, yau ma hannu sake?" in ji ta.

"Tsohuwa, ai na sake ki tun bara. Faɗi sunansa, ki yi gaisuwarki."

"Ni in kama sunan ɗan fari, duk Kurfai na ji? Kai ma ban yarda ka faɗa ba. Kunna abinka."

Na kunna. Ta ci gaba da daka, tana cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu kafin ta cafe. Tsakanin bugu da bugu ta ce ido ya fara gazawa, mai zuwa ya zo tun tana gani. Na roƙe ta ta ajiye taɓaryar don maganar ta fita. Ta ce, "Bar shi hakanan. Shi ya sani."

Da na koma ofis na saurara, sai na ji turmi ya danne muryar. Kunya ta kama ni, kada abokan aiki su ce ban iya ɗauka ba. Na goge shi, na karanta saƙon da bakina: wata uwa daga Kurfai tana gaida ɗanta, ta ce ya zo gida. Har daɗi na ji yadda ya fita tsaf.

Bayan damina biyu wani mutumin Balayara ya dawo daga Libiya, muka haɗu a tasha. Ya ce ɗaki guda suka zauna da kawuna, kuma sun ji shirin nan tare. Wai kowa a ɗakin ya zaci tasa ce, don kowa da uwa a Kurfai. Kawuna ya ce, "Ba tawa ba ce. Tawa in ta aiko, lugudenta zan fara ji." Da wata ya kama ya bi masu shiga teku zuwa Turai. Tun daga nan babu wanda ya ji ɗuriyarsa.

Na bar aikin rediyo, na koma gona. Ita kam yanzu ba ta gani. In na je gaishe ta takan lalubo hannuna ta ce, "Ka dai sa yadda na yi?"

Ina ce mata na sa.