Ɗigon Jinin da Gilbert Ya Roƙa

Gilbert ya yi shekara goma sha ɗaya a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a Kafanchan, kuma ban san ranar da ya taɓa yarda da wani abu ba. Kwalba sai ya shinshina ta, takardar likita sai ya karanta sau biyu. Mu ma ba mu yarda da shi ba. Mutum ba mata, ba ya zuwa coci sai Kirsimeti, ga shi duk ranar awon ciki sai ya leƙo yana roƙon masu tsohon ciki ɗigon jini. A kasuwa an gama yanke hukunci, tsafi ne. Ni ma da bakina na faɗa.

A daminar 1991 mijina Zamani ya kasa ɗaga fartanya, cikinsa ya kumbura ta hagu. Ina da cikin wata takwas a lokacin. Da muka je asibitin, Gilbert ya shafa jinin Zamani a gilashi, ya zuba rini, ya daɗe a kan madubin duba ƙwayoyi. Sannan ya kira ni.

"Madam, ba ni yatsa."

Na cusa hannuna cikin zane. "Ni ce ba lafiya?"

Ya ce fararen ƙwayoyin jinin Zamani sun yi yawa. In wata cuta ce kawai jiki ke yaƙa, sukan sha rinin su yi duhu. In kansar jini ce, sai su ƙi sha. Na Zamani sun fito fari fat.

"Amma ban yarda da rinin ba," ya ce. "Firij ya yi kwana huɗu ba wuta. Jinin mai ciki kullum yana kama shi sosai. In naki ma ya fito fari, rinin ne ya lalace, sai mu manta da wannan."

Ashe abin da yake yi da matan ke nan. Kunya ta kama ni, amma tsoro ya fi ta. Na miƙa yatsa, na koma benci ina roƙon Ubangiji ya sa kayan aikin mutumin nan ruɓaɓɓu ne.

Da ya gama, ya sa ni na leƙa da idona. Ƙwayoyina sun cika da ɗigo-ɗigo masu duhu, kamar an barbaɗa garin gawayi.

"Rinin yana da kyau," ya ce, bai kalle ni ba. Ya jawo biro ya fara rubuta wa Zamani takardar zuwa babban asibitin Zariya.