Daga Fassi Zuwa Rurum Ba Ɗigon Fetur

Fassi, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Muna idar da sallah ƙanena Habibu ya turo keken ƙofar gidana. Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, yanzu man gyaɗa nake yi ina sayarwa. Habibu kuwa shekara goma sha ɗaya yana jan A Daidaita Sahu tsakanin Kibiya da Rano. Tun da aka cire tallafin mai, kusan duk abin da ya samu gidan mai yake mayarwa. Ni na zuga shi ya sayar da tsohon kekensa da shanun huɗarsa biyu, ya sayo wannan mai aiki da batir. Saboda haka in abin ya lalace, bakina ne ya jawo.

Matsalar ita ce 'yan tashar Kibiya sun hana shi shiga layi. Sun ce ba za su bari ya zubar da fasinja a daji ba. Sai da aka sha magana kafin aka yarda a gwada: ya je Rurum Sabon Gari, inda ake canza batir, ya dawo a rana ɗaya, da kaya da mutane. Muka ɗora jarkokin man gyaɗa shida, na hau baya, muka ce bismilla.

Kibiya, ƙarfe shida da minti biyar

A bakin tasha muka tarar da shugaban direbobi, Alhaji Ɗanladi, yana shan shayi. Dattijo ne mai jiki, kuma ya ce shi da kansa zai zama shaida. Ya zagaya keken sau biyu, ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Habibu, ina salansar?"

"Babu, Alhaji."

"Abin da ba ya tari ba ya hayaƙi, ta ina za ka san yana da lafiya?"

Habibu ya nuna masa allon gaba, inda sanduna biyar suke nuna ƙarfin batir. Mun taso da biyar, har yanzu biyar ɗin ne. Na sayi shayi da burodi na naira ɗari shida, Alhaji ya shigo ya zauna kusa da jarkoki, keken ya ɗan nutsa.

A hanya ya faɗi ainihin abin da ke cikinsa. Ba tsayawa a daji ce damuwarsa ba. "Malama, mu ɗari biyar muke ɗaukar mutum zuwa Rano. In ƙanenki ya ce ɗari uku, yarana su ci me?"

Na ce masa tambayar tana da nauyi, amma ya bar ni in tauna ta. 

Rano, ƙarfe bakwai saura kwata

Kafin shiga gari akwai shingen masu karɓar harajin hanya. Wani mai riga ruwan ɗorawa ya ɗaga hannu, ya tsaya yana kallonmu da littafin tikiti a hannu.

"Direba, ka kashe inji ne tun daga nesa?"

Habibu ya yi masa bayani. Mutumin ya juya takardunsa, ya ce shi a rubuce yana da keke mai fetur da babur da mota, wannan bai san gidan da zai sa shi ba. Na ce masa, "Ɗana, harajin na hanya ne ko na hayaƙi?" Ya yi dariya ya ce na hanya ne. Na ce to taya uku ne, kamar na kowa. Ya yanka mana tikitin keke. Alhaji bai bari mun wuce haka ba, sai da ya leƙo ya tambaye shi yaushe kuɗin tikitin zai cike ramin da muka faɗa a baya. Mutumin ya ce shi ma ramin ya ci masa taya.

Na sauke jarka huɗu wajen mai tuyar ƙosai da nake kai wa. Muka ci waina da miyar taushe a gefen hanya. Allo ya nuna sanda huɗu. Habibu sai murmushi yake, ni kuwa na ce ya adana haƙoransa sai mun dawo.

Mararrabar Zurgu, ƙarfe takwas da minti ashirin

Nan tafiyar ta canza. Wani manomi yana zaune a kan injin ban ruwa a bakin hanya, ya tare mu da hannu biyu. Sunansa Malam Isa. Ya kai injin gyara Rano tun jiya, kwana uku ke nan albasarsa ba ta sha ruwa ba. Keke huɗu ya tsayar, kowa ya ce shiga ƙauyensu ba riba: a ƙona mai a shiga, a ƙona mai a fito wayam. Wanda ya yarda ya yanka masa kuɗin da ya kusa na gyaran injin.

Habibu ya juyo ya dube ni. "Yaya, ba ya cikin lissafinmu."

Alhaji ya ce, "In ka shiga batir ya mutu, ka faɗi gwaji. Na gaya maka tun yanzu."

Na dubi tafin hannun Malam Isa, duk ya tsattsage. Na ce, "Habibu, keken naka ne." Ya sauka ya kama gefen injin.

Hanyar yashi ce da kwazazzabai. Keken yana tafiya, amma yashi yana shan batir kamar yadda yake shan ruwa. Minti talatin da biyar muka yi kafin mu kai bakin fadamar. Malam Isa bai ko tsaya sallama sosai ba, ya ja igiyar injin, ruwa ya feso cikin kwarin albasa. Sai bayan nan ya dawo da gudu ya biya, ya ƙara mana da damin rake. Da za mu fito, mata uku da buhunan barkono suka tambaya ko gobe ma za mu shigo. Sun ce rabon da abin hawa ya zo neman fasinja nan tun kafin mai ya yi tsada.

Muka koma kan kwalta da sanda biyu.

Hanyar Rurum, ƙarfe goma

Da duwatsun Rurum suka fara bayyana, sanda ɗaya ta rage, tana ƙiftawa.  A wani hawa keken ya rage gudu har mai keken ƙafa ya wuce mu. Shanun Habibu kawai nake gani a idona.

Sai Alhaji Ɗanladi ya ce, "Tsaya." Ya sauka ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa. "Ban tura ba, kada wani ya ce na tura. Na sauka ne in miƙe ƙafa." Ni ma na sauka. Muka taka hawan a ƙasa muna haki, Habibu yana binmu a hankali. Daga sama gangara ce har cikin gari.

Rurum Sabon Gari, ƙarfe goma da minti arba'in

Wurin canjin batir rumfar wata mai sayar da kifi ce, Hajiya Larai. Ta sa farantan sola don firjinta, sai kamfanin keken ya ga wutar tana yi mata yawa da rana, ya ajiye batiransa a wajenta. Cikin minti shida aka zare namu aka sa cikakke. Ta sayi jarkokina biyu da suka rage, ta soya mana kifi.

Na tambaye ta abin da ya daɗe yana damuna. Batirin na kamfani ne, haya muke yi. In gobe suka ƙara kuɗi fa?

Ta ce, "Malama, za su ƙara mana, ai 'yan kasuwa ne. Maganinsa kada a bar su su kaɗai. Rana ba ta kowa ba ce. In keken ya yi yawa, wani kamfanin zai zo, ni kuma rufina yana da faɗi."

Ina cikin cire ƙayar kifi na ce wa Alhaji na samo amsarsa. Habibu ba zai karya farashin Kibiya zuwa Rano ba. Amma a ba shi hanyoyin da fetur ya kora direbobi daga cikinsu. Matan barkono ba fasinjan kowa ba ne a yau. In ya fito da su bakin titi, yaran Alhaji ne za su kwashe su zuwa gaba. Alhaji ya ci gaba da tauna kifinsa.

Kibiya, bayan la'asar

Mun dawo ta Rano da fasinja biyu da kwandon kifi, muka iso da sanda uku. Direbobi suka taso suka kewaye mu. Alhaji ya sauka, ya kakkaɓe riga.

"Ya je, ya dawo. Daga gobe yana layi, ƙauyuka nasa ne." Sai ya juyo wajen ƙanena. "Habibu, wannan kamfanin naku, suna karɓar tsohon keke?"

Tasha ta kaure da shewa.

Fassi, ƙarfe biyar da minti goma

A bakin gari akwai Garba, ɗan bumburutu, da galan-galan ɗinsa a jere. Shekara da shekaru shi ke zuba wa Habibu mai. Labari ya riga mu isowa. Ya yi mana barka, sannan ya ce, "To ni kuma fa, Malama? In kowa ya koma irin wannan, galan zan dafa?"

Habibu ya sauka ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfarsa, ya auna shi da taku, tsawo da faɗi. Ya ce, "Faranti shida za su hau. Jibi ka shirya, zan kai ka ka ga wata Hajiya a Rurum."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Hajiya Larai da kifinta, da Malam Isa da rakensa, da Alhaji Ɗanladi da ya faɗi gaskiya a gaban mutanensa. Garba dai har muka sha kwana yana tsaye yana kallon rufinsa.