Ciwon Yaya a Fayil ɗin Ƙane

Tun da aka fara riƙon sirri a duniya ba a yi gwani kamar Direba ba. Shekara goma sha tara yana jan motar ma'aikatan wani kamfanin siminti, ya ji gulmar manya da ƙanana daga kujerun baya, bai taɓa kai ko ɗaya gida ba. Nasa sirrin kuwa, tsabar iya ɓoyo, a jikin wani ya ajiye shi.

Ciwon suga ne. Ranar da mai kemis ya gwada shi ya faɗa masa, sitiyari ne ya fara faɗo masa a rai, mutuwa ta biyo baya. Kamfani ke biya masa inshorar lafiya, shi kuwa a ganinsa wanda ya ɗinka maka riga ya san faɗin ƙirjinka. An ce masa akwai dokar da ta hana asibiti gaya wa kowa ciwon mutum. Ya ce ya sani, ai akwai wadda ta hana gudu a titin kasuwa ma.

Sai ya ari katin ƙanensa, Tela. Kamarsu ɗaya har hanci. Tela na cikin inshorar matarsa, malamar makaranta, kuma rabonsa da asibiti tun yana yaro. Shekara uku Direba na zama a benci, a kira sunan ƙanensa ya amsa. A takarda Tela ya zama mai suga, mai hawan jini, mai gyambon da aka warkar bara da allurar fenisilin. A shago kuwa yana taka keke yana zuba sukari cokali huɗu a shayi.

Wata Talata da hantsi Malama, matar Tela, ta kira Direba. Tela ya faɗi a shago yana riƙe da ciki, an ce afendis ne ya fashe, za a shiga da shi tiyata.

Direba ya same su a lungun da ke gaban ɗakin tiyata. Tela na kan gadon turawa, zazzaɓi ya ɗauke shi, ba ya gane kowa. Wata nas ta rataya ledar ruwa, tana haɗa allura, fayil a buɗe a gefenta.

"Yaya, ka ji wani abu," in ji Malama. "Wai suna tambaya ko ya yi allurar sugarsa yau. Wane suga? Ni da nake dafa masa abinci?"

"Maza ai sai a hankali," in ji nas ɗin. "Har su mutu ba sa faɗa."

Direba ya dubi kwalbar da ke hannunta. Fenisilin ce, irin wadda aka yi masa bara. Ya kuma tuna wata rana suna yara, da aka yi wa Tela irin wannan allura, ya kumbura kamar gawar akuya, numfashi ya gagara. Iyayensu sun rasu. Duk duniya shi kaɗai ya rage da ya ga ranar.

"Sista, kar ki yi masa wannan. Ba ya jituwa da ita."

"Kai ne likitansa?"

"Yayansa ne."

"To Baba, doka ta hana ni tattauna abin da ke cikin fayil ɗinsa da kai. Abin da zan ce kawai, mun duba, ba matsala."

Ta ɗalli sirinji da yatsa, ta kama robar da ke hannun Tela. Direba ya ji makullin motar kamfani a aljihunsa, ya yi masa nauyi kamar guduma. 'Ya'yansa biyar, uku na makaranta.

"Gyambon da ke rubuce a fayil ɗin, a wace ƙafa yake?" ya ce.

"Na gaya maka doka..."

Ya cire takalmin hagu, ya tuɓe safa, ya ɗora ƙafar a kan benci. Tabon na nan, faɗin murfin kwalba. Nas ta dube shi, ta yaye mayafin Tela ta dubi tasa ƙafar, sumul. Ta ajiye sirinjin a hankali.

"Yaya," in ji Malama, "da katina?"

Ya sauke ƙafar, ya mayar da safarsa. An canza magani, an yi aikin, Tela ya tashi bayan kwana shida yana neman shayi.

Doka ta cika alkawarinta. Asibiti bai gaya wa kamfani ko kalma ɗaya game da sugan Direba ba. Amma aron kati ba ciwo ba ne, don haka ba sirri ba ne. Kamfanin inshora ya rubuta takarda, aka dakatar da katin Malama, aka karɓi makullin mota daga hannun Direba.

Yanzu yana zama a shagon Tela yana saka maɓalli. Wanda aka ɗauka a madadinsa ma yana da ciwon suga, kuma a firjin ofis yake ajiye allurarsa.