Tabarau da Kawu Ya Gyara

Ina aji huɗu a firamare, a unguwar Aboabo, ganina ya fara gajarta. Abin da ke hannuna ina ganinsa tar, amma allon bango sai ya koma kamar an shafa masa koko. Na yi ta tsuke ido har 'yan aji suka sa mini suna Mai Barci. Malamarmu, wata doguwar Ba'asantiya da ba ta ɗaukar wargi, ita ta gane, ta dawo da ni bencin gaba dab da allo. A nan nake ɗan tsintar abin da ake rubutawa.

Wata rana ma'aikatan asibiti suka zo makaranta duba idon yara. Suka ce sai na sa tabarau, kuma ba a jima ba aka kawo mini. Ranar da na fara sawa, tsayawa na yi a bakin titi ina karanta rubutun bayan motocin haya na trotro kamar wadda ta zare. Ashe mutum daga nesa ma yana da fuska! Na shiga gida da gudu ina ihu.

Mma, mahaifiyata, ba ta taya ni murna ba. Ta karɓa ta juya shi a hannu, ta ce, "Yarinya ƙarama da gilashi? Wannan abu shan ido yake yi." Duk gidanmu haka aka yarda: yaron da ya saba da tabarau, kafin ya girma idonsa ya mutu. Na yi ta kuka har ta miƙo mini abina.

Bayan 'yan kwanaki ƙafar tabarau ɗin ɗaya ta saki. Mma ta ce in kawo a kai wa ƙaninta, kawuna, mai sayar da agogo da tabarau na ado a bakin hanya a Sofoline. Ya ɗaure shi tsaf, har ya goge. Da na sa a aji, allo ya koma yadda yake da. Na gaya wa Mma.

Ta ce, "Ido ne yake sabawa. Ki ci gaba da sawa, zai washe."

Na ci gaba. Malama kuwa ta ga na samu tabarau, ga ni da tsawo, sai ta mayar da ni bencin baya. Duk ranar da na kwafi shirme sai ta ce, "Har da tabarau ba ki gani? To ba ido ba ne, kai ne." Tun ina jin haushi har na yarda ni daƙiƙiya ce. Ni da nake son boko kamar me, na ƙare ina ɓuya a bayan aji. Jarrabawar ƙaramar sakandare ta kayar da ni, aka kai ni koyon ɗinki. Allura dai a hannu take, ina ganinta.

Bara muna zaune a tsakar gida, Mma tana yanka kuɓewa, 'yata ta nuna mata wani bidiyo a waya: aji ne a ƙasar Sin, yara kusan kowa da tabarau. Mma ta kwashe da dariya.

"Iyayensu ba su da dabara koraa, ko kaɗan," in ji ta. "Ni da aka ba uwarki tabarau, kawunta na sa ya cire gilashin asibiti ya sa mata na banza. Ga ta nan, idonta bai mutu ba."

Na ce, "Mma, me kika ce?"

Ta maimaita, da alfahari, tana jiran in gode. Ko hannu ba ta tsayar daga yankan ba.

Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba. Da wani bare ne, da na zage shi na huta. Amma matar da nake zuwa in yi wa kuka duk ranar da aka ce mini daƙiƙiya, tana shafa kaina tana cewa in ƙara ƙoƙari, ita ce ta san komai. Na san tsoro ne ya sa ta, amma sanin bai rage mini zafi ba.

Har yau ina gaishe ta da safe, ina kai mata abinci. Watan jiya aka yi wa 'yata tabarau. In za ta shiga ɗakin kakarta, a hannuna take barinsa.