Safar Hannun Doña Herminia

Shekara da shekaru keken ɗinkina na gefen na Doña Herminia a kamfaninmu na kumbo a Houston, ban taɓa jin ta yabi na'ura ba. Da rigunan amare ta fara a garin Matamoros na Mexico, ta ƙare da safar hannun 'yan sama jannati. Kan yatsun safar kuwa, da allura take ɗinka shi, da wani zare da gilashin kwamfutar tuƙin kumbo yake ji idan an taɓa shi.

Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne kumbon da kansa yake tuƙa kansa. Matuƙa sai su ɗora hannu a cinya, kwamfuta ta kai su ta dawo da su. Ga idonta ya fara rauni, har ta ce safar Kyaftin Wendell, ɗaya daga cikin matuƙan, ita ce ta ƙarshe. Burinta ta ga ɗinkinta ya yi aiki ko sau ɗaya kafin ta ajiye allura.

Wendell kuwa uban tsokana ne. Ranar awon hannu ya cinye mata tamale biyu, wani abincin masara mai kama da alala, ya ce, "Mama, ki ɗinka min aljihu kawai, in zuba hannuwan in sha barcina."

Ta ce, "Malalacin banza. Zama a kujera ai ko jikata ta iya."

Ranar da su Wendell suka doshi tashar sararin samaniya muka cika ɗakin cin abinci muna kallo a talabijin. Komai na tafiya daidai, kowa na murna, ita kaɗai ta haɗe rai. Can sai muka ji masu kula daga ƙasa sun ba Wendell izinin kashe tuƙin kwamfuta ya gwada da hannu. Ashe wata da watanni yana yi musu naci.

Ya ɗaga yatsa ya nuna wa kyamara, sannan ya taɓa gilashin. Kumbon ya karkata kaɗan, ya sake taɓawa, ya miƙe.

Ya ce, "Ku gaya wa Mama malalacinta ya yi aiki."

Ni dai na yi kuka, don na san daɗewar da ta yi tana jira. Ita kuwa ta matsa jikin talabijin ta ce babban yatsan safar ya ɗan tattare. Sai ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa. Ranar Litinin na tarar da allurarta soke a kan kekena.